Butata a bangon Ostareliya

Shekara da shekaru ina cewa baƙon nan bai kyauta min ba, mutanen gidana suna cewa rigimar tsufa ce. To, yau ga shi.

Ina zaune a shagona na unguwar Misfala a Makka, 'yata Hajara ta miƙo min waya. Ƙawarta da ke aure a Ostareliya ta turo hoton zanena, rataye cikin gilashi a wajen baje kolin zanen barkwanci.

Ni ban yi makaranta ba. Idan alhaji ya ɓata, kwalin shayi nake yaga in zana masa hanya a hoto huɗu a jere: ga shi yana zufa, ga mai gasa kaza, ga kwana, ga ƙofar masaukinsa. Ya yi dariya, ya isa. Baƙon nan, wani mai zane daga can Ostareliya da ya zo umara, ya roƙi wasu kwalayen na ba shi, wai zai nuna wa abokan sana'arsa. Ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Na ce, "Me suka rubuta a ƙasa?"

"Ma'alesh, yi haƙuri ya Baba. Wai ba a san mai zanen ba."

"Ba su ga butar ba?"

"Wace buta?"

Na nuna mata 'yar butar da nake zanawa a kusurwar kowane kwali. Ita ce sa hannuna. Ashe ko 'yar cikina ba ta sani ba.

Tun ɗazu na kasa zama. Hajara, rubuta da kyau: mai butar yana Makka da ransa, sunansa Sule. Ku da kuke da mutane a can, wa zai amsa min?