Ni Na Fasa Tulun, Ba Aljani Ba

'Yan ɗakinmu, salamu alaikum, don addini ya ce a yi.

Wata takwas ke nan da aka maido ni gida Pauwa ban ce uffan ba. Yau zan faɗi abin da ko Inna ban gaya wa ba: ranar da na fasa tulun ɗakin kwananmu ina ihu, da hankalina. Da Ladi ta ce, "Iska ce ta hau ta," sai na lumshe ido na bar ku a haka. Gara a ce aljanu gare ni da in buɗe baki in ce al'adata ce ta kusa.

Duk wata haka nake. Saura mako guda, ƙirji ya kumbura, mara ta ɗaure, kai kamar ana faskare. Ko cokali ya faɗi sai in ji kamar in shaƙe mutum. Jini na zuwa in koma Hauwa'un da kuka sani, mai ɓoye littafin soyayya cikin na lissafi.

Kuka ɗunguma wurin shugabar makaranta, wai ba ku kwana da mai iskoki. Ladi, ke da nake tsara wa wasiƙun saurayinki, ke kika shige gaba. Aka haɗo ni da akwatina.

A gida na sha hayaƙi har idona ya kumbura. Baba ya kai ni asibiti, layi tun hantsi, aka ɗibi jini da fitsari. Likita ya ce, "Ɗiyarka lafiyarta lau, Malam." Ranar kuwa lau nake, jinin ya riga ya zo.

Kawu Sani, wanda ya bar noma ya kama aikin masaƙa a Kaduna, shi ya tafi da ni. Matarshi ta kai ni wurin wata tsohuwa 'yar Sin, uwar injiniyan masaƙarsu. Ta dafa wuyan hannuna da yatsu uku, ta duba harshena, ta ce da gurguwar Hausarta, "Kullum, ko wata-wata?"

Ita ce ta farko da ta tambayi yaushe. Na fashe da kuka.

Ta ba ni busassun saiwoyi da ɓawo. A dafa a tukunyar ƙasa, ruwa kofi uku ya koma ɗaya. Maɗaci albarka. Wata na farko ban ga wani sauƙi ba, har na zage ta a zuci. Na uku, na tsinci kaina ina dariya ana jibi jinin zai zo. Har yanzu ina jin tahowarshi, amma ba ya kayar da ni.

Na gode wa Allah, da Kawu da matarshi, da tsohuwar nan. Ku ban da abin gode maku.

Amma na san akwai irina a cikinku, na sha jin kukanta a bayan ɗaki. Ki sami kalanda ki riƙa saka alama. Ki gaya wa babbar mace. Ki je asibiti ranar da abin ke kanki, kuma kar ki sayi saiwar da ba ki sani ba a kasuwa.

Shugaba ta ce in ɗakinmu ya yarda, in dawo in zana jarrabawa. Shi ya sa na tona kaina, ba don ina kewarku ba.

Gobe Baba zai shiga Ƙanƙara ya biyo ta makaranta, ta hannunshi takardar nan za ta bi, ga shi ya iya karatun boko. Sau uku ina ɗaukar ambulan in liƙe ina ajiyewa. A buɗe zan miƙa mashi.