Littafin Maman Tagwai

Mu huɗu Inna ta haifa, ni ce ta fari, amma duk unguwar Makera da sunan Maman Tagwai aka san ta. Ƙannena biyu da suka zo bayana da shekara shida su suka kwashe sunan. Ni kuwa a bakinta "ke" ce. In tana cikin nishaɗi, "ke 'yar nan". In na ƙona miya, "waccan".

Na san dalili, an sha gaya mini. A ƙauyensu, can wajen Malumfashi, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. Kunya ce, in ji manya. To amma mu a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu muke, inda maƙwabciyarmu Madam Eunice ke rungume 'yarta Irene a tsakar gida don kawai ta wanke kofi. Ni na zo ta ɗaya a aji har sau uku, abin da na samu shi ne, "Ajiye jakar ki zo ki surfa wake." Abin ya ci mini rai ƙwarai. Tun ina 'yar sha biyu na yanke cewa matar nan ba ta ƙaunata, kuma duk ranar da na bar gidan, sai dai su ji labarina.

Ƙosai take soyawa a bakin titin da ma'aikatan masaƙa ke bi. Kafin jiniyar safe ta yi kuka ta riga ta kwashe kasko uku. Gajera ce, mai saurin hannu da saurin baki, kuma a tarihinta babu ranar da ta taɓa cewa ita ce ba ta da gaskiya.

A 1983 Madam Eunice, wadda malamar firamare ce 'yar Kagoro, ta buɗe wa matan gidan ajin koyon karatu bayan la'asar, a gindin mangwaro. Inna ta shiga don ta gaji da dangwala yatsa a takarda kamar wadda aka kama. Da suka iya haɗa baƙi, sai Madam ta ba su aiki: kowace ta rubuta layi ɗaya kullum a littafinta, ta zo ta karanta. Mata shida suka fara. Kafin damina ta ƙare saura Inna, don ita ko da kaza ta yi gardama sai ta ga bayanta.

Ranar farko ta miƙe ta karanta, "Yau na soya ƙosai." Washegari, "Yau ma na soya ƙosai." Ana nan har kwana tara.

"Haba Maman Tagwai," in ji Madam, "na only ƙosai dey your life? Ba ki da komai sai ƙosai? Rubuta abin da ya ba ki haushi mana."

Ai kuwa Madam ta jawo wa gidan. Inna ta cika shafi biyu a kan Talatu ta ɗakin ƙarshe da yadda take mamaye igiyar shanya, ta kuma tashi ta karanta da ƙarfi alhali Talatun na zaune tana tankaɗe. Sai da mai gidan hayar ya zo raba faɗa. Daga ranar aka daina karantawa a fili, amma rubutu bai tsaya ba. Kullum in ta wanke kasko sai ta zauna bakin ƙofa da biro, harshe a waje, tana danna takarda kamar za ta huda ta. In na gifta ta rufe da gefen zane. Ni kuma in taɓe baki, a raina in ce ai laifuffukana ake jerawa.

Wata uku bayan faɗan, Inna ta zuba ƙosai a kwano ta kai wa Talatu da kanta. Muna ji ta ce, "Na sake karanta abin nan, na ga ashe igiyar ma taki ce. Ki yi haƙuri." Baba, da ya dawo daga masaƙa ya ji labari, sai da ya taɓa goshinta ya tambaya ko a kai ta kemis.

Ni dai ban ga canji ta wajena ba. Ina nan a "ke".

A watan tara na 1985 na samu shiga kwalejin horon malamai a Kafanchan. Na haɗa akwati ina murna, har da kayan da ba na bukata, don ban yi niyyar dawowa hutu ba. Ta rako ni tasha da safe, tana tafe tana faɗan na cika nawa. Da na shiga mota sai ta turo mini leda ta taga: yaji, ƙuli-ƙuli, da littafin nan, bangonsa duk mai.

"Ungo," ta ce, tana kallon tayar mota. "Akwai sauran shafi a baya, kya yi aikin makaranta da su. Allah ya kiyaye hanya." Ta juya tun kafin direba ya tada inji.

Sai da muka wuce Sabon Tasha na buɗe, shi ma don in ga abin da aka ce na yi. Na wuce ƙosai, na wuce Talatu ina dariya. Can na ci karo da sunana, da manyan baƙaƙe a karkace, shi kaɗai a layi. A ƙasa ta rubuta: "Na kwafo daga bangon littafinta. Ban iya tambayar Madam ba."

Daga nan kusan babu shafin da ba ni. "Binta ta yi zazzaɓi, na kasa cin tuwo." "Binta ta yi mini tsawa. Halina ta ɗauko, ba laifinta ba ne." Ranar da babu labari sai ta koma baya, ta rubuta yadda aka haife ni ranar kasuwa, yadda kakata ta ɗauke ni, ita kuma ta riƙa jira ɗaki ya watse kafin ta ƙirga yatsuna. Ranar da sakamakona ya fito, wadda na tuna ta ce mini "to, madalla" ta ci gaba da jajjage, ga abin da ke rubuce: "Binta ta ci jarrabawa. Na shiga bayi na rufe ƙofa na taka rawa."

Rubutun jiya shi ne na ƙarshe. "Gobe Binta za ta tafi. Na san tana ganin ba na son ta. Bakina ba zai iya ba, haka aka rene ni. Binta, ki dawo hutu."

Ban san ina kuka da sauti ba sai da wata tsohuwa da ke gefena, riƙe da kaji biyu, ta dafa ni.

"Yarinya, lafiya? Wa ya rasu?"

"Babu kowa, Mama," na ce. "Uwata ce ta kira ni."