Yaya Tsaye da Shafi na Tamanin da Bakwai

Yayana mai gyaran fanka ne da rediyo da dutsen guga, kuma tun da na buɗe ido na san shi ban taɓa ganin ya zauna ya gama kofin shayi ba. A tsaye yake ci, a tsaye yake sha. Ko gaisuwa ce, kafin ka ce "ya iyali" ya kai bakin ƙofa. Shi ya sa duk layinsu ba mai kiransa sai da Tsaye. Akwai benci a shagonsa, amma na masu kawo gyara ne da matattun fankoki. Ga kuma tarin makullai a aljihun wandonsa, na shago, na gida, na akwatin kayan aiki, har da waɗanda kwaɗonsu ya ɓata tun tuni. Yatsunsa kullum suna cikinsu, kacau-kacau, tun daga kwanar titi za ka san shi ne tafe.

Aji uku ya yi a makaranta ya gudu, wai zama ya yi masa yawa. Yana gane lambobin da ke jikin batir da waya, yana sa hannu, iyakarta ke nan. Amma ka miƙa masa abin da ya mutu, sai ya kara shi a kunne, ya girgiza, ya kwance, kafin ka gama ba shi labarin yadda ya lalace ya tashi. A wurinsa duk abin da ya tsaya akwai wayar da ta tsinke a ciki, nemo ta kawai za a yi.

To, sai Auta ta tsaya. 'Yarsa ce ta ƙarshe, shekararta goma sha uku, mai surutu kamar ni gwaggonta. Da farko ciwon ciki ne kowace safiya. Daga nan sai a bakin ƙofar makaranta ƙirjinta ya kama bugawa, hannu na rawa, numfashi na yankewa, sai an dawo da ita. Wata biyu ba ta shiga aji ba. Maganar ma ta ƙafe, daga "to" sai "ba komai". Ta koma kusurwar ɗaki tsakanin gado da kabad, can take wuni.

Wayyo, Yaya! Ya ɗauko ruwa, ya ɗauko magani, ya kunna fanka, ya kashe, ya canza mata katifa, ya canza ƙwan fitila wai haskensa ne ya yi yawa. Sau goma a wuni zai baro shago ya leƙo: "Auta, yanzu yaya? Ya sauka? Ina ne ke ciwo? Nuna min wurin." Ita kuwa ba ta da wurin nunawa, sai ta ƙara dunƙulewa.

Likita ta duba ta tsaf ta ce jikinta lafiya lau, fargaba ce mai tsanani, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma ana samun sauƙinsa. Ta sa musu ranar dawowa. Da yarinyar ta fita, ta rubuta wa Yaya sunan wani littafi da aka yi don iyaye, ta ce ya karanta kafin ranar. Kunya ta hana shi cewa bai iya ba. Ya karɓi takardar ya ce, "An gama, likita."

A ranar ya sayo littafin. Matarsa ita ma karatunta bai wuce nasa ba, manyan yaran kuma duk sun bar gida. Ni ce ke aikin buga takardu a ofis, amma bai kawo min ba, wai bakina ba ya rufuwa. Na ji haushi da na samu labari, sai dai ba ƙarya ya yi ba. Mai karatu ɗaya ta rage a gidan, ita ce mara lafiyar. Sai mutumin nan ya samo kwalin ƙwan fitila ya naɗe bangon littafin, ya manne da salatif, ya kai mata ya ce na wani abokinsa ne da 'yarsa ba ta jin daɗi, ta taimaka ta karanta masa ya je ya faɗa wa abokin. Don Allah ku ji dabara! Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a aji.

Ta karɓa. Kullum da rana idan ya dawo cin abinci sai ta karanta masa shafi uku ko huɗu, ita a kusurwarta, shi yana safa da marwa tsakanin ƙofa da taga, makullai na kuka. Matarsa ta ce min wannan ne karo na farko cikin wata biyu da ta ji muryar Auta ta yi minti goma a jere.

Ranar nan da rana tsaka sai ga shi a ofis ɗinmu, gumi sharkaf, littafi a hammata. Ko gaisuwar kirki bai yi ba.

"Ke, akwai shafin da nake so ki buga min da manyan baƙaƙe. Zan manna a shago, duk wanda ya shigo ya maimaita min. Ga shi nan na sa guntun waya a wurin."

Na ce, "Yau kuma an tuna da mai baki?"

"Bar wasa. Marubucin nan kamar a gidana ya kwana." Ya fara kawo min shi da ka, yana zagaya teburina. "Ya ce idan ƙirjin yarinya ya kama bugawa, kada uba ya tashi neman ruwa ko magani. Ya zauna kawai. Kada ya riƙa tambaya yanzu yaya, yanzu yaya, don ba ta da amsa, kuma tana jin kamar ta ba shi kunya. Kada ya tsaya a ƙofar makaranta yana yi wa malamai bayani da ƙarfi, yara na ji. Ya ce yarinyar ba lalacewa ta yi ba, ba ta son a gyara ta. Har cewa ya yi kada uba ya riƙa kaɗa makullai a aljihu, don ƙarar na sa ta ji kamar yanzu zai tafi. Makullai fa! Ina ya san ni?"

Na buɗe inda guntun jar waya take, shafi na tamanin da bakwai. Jadawali ne na awannin barcin da yaro ke buƙata gwargwadon shekarunsa. Na duba na gabansa, na duba na bayansa. Na koma farko na bi babi-babi da yatsa, yana tsaye a kaina yana cewa in yi sauri. Littafin mai kyau ne, akwai bayanin fargaba, da yadda ake numfashi a hankali, da cewa a saurari yaro. Amma babu ƙofar makaranta, babu makullai. Na ɗaga ido na kalle shi.

Da ina da hankali da na yi shiru na buga masa abin da ya faɗa. Amma ni ce. Na ce, "Yaya, wannan maganar ba ta cikin littafin nan."

"Kamar yaya ba ta ciki? Da kunnena na ji. Tana bin layin da yatsa!"

"Ba ta ciki. Auta ce ta faɗa maka."

Makullan suka yi tsit. Fuskarsa ta canza, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce, "Wato don ban iya karatu ba. Ta riƙe littafi tana kallona ina gyaɗa kai kamar wawa. Kwana nawa tana min haka?" Ya fizge littafin ya fita.

Ban ko kashe kwamfuta ba na bi shi. Tsoro ya kama ni sosai, don na san in ya shiga ɗakin nan ya ce mata ta yi masa ƙarya, ƙofa ɗaya da ta buɗe za ta rufe, kuma ni ce sila. Ga mutum mai sauri kamar ana korarsa, ga ni da takalmi mai tsini. Muka wuce masu facin taya, muka tsallaka titi motoci na mana hon, ina haki ina magana a bayansa.

"Yaya, kai ma fa ƙarya ka yi mata! Wane aboki? Wace 'yar aboki? Ka naɗe littafi da kwalin ƙwan fitila ka ɗauka ba ta gane ba? Kai ka ɓuya a bayan aboki, ita ta ɓuya a bayan shafi. Wata biyu kana tambayarta ina ke ciwo, yanzu ta nuna maka, kuma za ka je ka yi mata faɗa?"

Bai juyo ba. Sai da muka zo shagonsa ya tsaya. Akwai mutum biyu a kan benci suna jiran kayansu. Ya ba su haƙuri ya ce su dawo gobe, ya ja ƙofa ya datse kwaɗo, da rana tsaka, abin da bai yi ba ko ranar da aka haifi Autar. Ya ci gaba da tafiya zuwa gida, amma saurin ya ragu. Ban san me ke ransa ba, kuma a karon farko na kama bakina.

Matarsa na shanya a tsakar gida, ta gan mu ta saki rigar da ke hannunta. Ya wuce ɗaki, na tsaya a bakin ƙofa. Auta na kusurwarta, ta haɗa gwiwa da ƙirji. Ta kalli littafin, ta kalle ni, nan take ta gane. Na ga numfashinta ya fara sama-sama, yatsunta na damƙar bakin zanen gado.

Yaya ya kalli fanka, na ga hannunsa ya motsa zai kunna, ya fasa. Ya zaro makullan duka ya ɗora a kan kabad. Sannan ya naɗe ƙafa ya zauna a ƙasa, dirshan, gwiwoyinsa har ƙara suka yi don ba su saba ba. Bai tambaye ta komai ba. Ƙafarsa ɗaya na ta rawa, ya sa hannu ya danne ta. Mun fi minti biyar a haka, ni kaina hawaye nake, har numfashinta ya daidaita.

Ya tura mata littafin a hankali.

"Auta, shafin jiya ban gama gane shi ba. Kin san kaina. Maimaita min, in akwai ci gaba ki ɗora."

Ta ɗauka, ta buɗe inda jar wayar take, ta daɗe tana kallon jadawalin barci. Sai ta rufe littafin ta ajiye a cinyarta.

"Baba, shafin yana da tsawo fa."

Ya ce, "Na rufe shago."