Hannayen Goggo Simaloi

Goggona Simaloi, ƙanwar babana, masifaffiya ce ta gaske, ko dattawa kaffa-kaffa suke da bakinta. Ta yi aure kusa da tafkin Naibasha, ta haifi yara biyar, mijin ya rasu a shekarar da annoba ta share mana garke. Saniya ɗaya ta rage mata, wata ja mai karyayyen ƙaho, madararta ce ke riƙe da ran yaran nan.

Ana cikin haka wani Bature ya sauka bakin tafkin da ayarin 'yan dako, wai yana auna duwatsu, yana tambayar sunan kowane rafi. Kukunsa, mutumin bakin teku, ya zo neman madara da ɗan hatsin musaya a hannu. Goggo ba ta so ba, amma yunwa ta sa ta miƙa masa gora guda. Ta ja masa kunne cewa kada madarar ta ga wuta, don kowa ya san in aka dafa madara, hantsar saniyar kafewa take yi. Ya ce to, yana dariya.

Dariyar nan ce ta hana ta sukuni. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa saniyar, ta dawo. Ni da nake zaune a wurinta a lokacin, na ce ta kwantar da hankalinta, ta ce in rufe mata baki, me na sani? Can ta zabura ta nufi zangon Baturen, na bi ta.

Muka tarar da tukunyar ƙarfe a kan murhu, madarar ta fara tasowa. Goggo ba ta nemi tsumma ba, da hannu biyu ta sungumi tukunyar ta sauke. Baturen ya fito daga tanti ya tsaya baki buɗe. Ita kuwa ta juyo gare ni, tafukanta sun saluɓe, ta ce, "'Yar nan, duba mini, ta tafasa?"

Na ce ba ta kai ba. Har ga Allah ba ta kai ba.

Yatsun suka warke a ƙanƙame, ba ta sake iya tatsa ba. Na gwada, maƙwabta suka gwada, saniyar ta yi ta harbin mu, ba ta san hannun kowa ba sai na Goggo. Kafin wata ya mutu hantsar ta kafe, aka raba yaran gidajen dangi.

Ta rayu har ta ga jirgin ƙasa ya ratsa makiyayarmu, tana kuka da jinkirin ƙafarta, wai da ta ƙara sauri da madarar ba ta ji wuta ba.