Rumbun da ake biya kafin a buɗe

Shekarun baya, a shekarar da ruwa ya ɗauke alhali hatsi yana tsaka da fitar da kai, na yi wata tafiya Katsina wadda har yau nakan tuna da ita in na tsaya gaban na'urar cirar kuɗi.

Lokacin ina aiki a gidan rediyo a Maradi, gidanmu kuwa yana Agiye. Tun kafin bazara rumbunmu ya ƙare. A kasuwa tiyar hatsi ta kai tsadar da mutum zai tambayi kuɗinta ya yi godiya ya wuce. Sai muka ji cewa a hayin iyaka gero da masara suna da ɗan sauƙi. Na haɗa albashina da kuɗin ragunan da mahaifiyata ta sayar, na zuba a banki. Abin da muka tara zai kai gidanmu kaka, ya kuma sayi buhu ɗaya na gwaggona da ke Sae Sabuwa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Bayan wannan babu rara.

Da zan tafi, mahaifiyata ta ce, "Kada ka shiga ƙasar mutane da kuɗi a aljihu. Tunda ka ce katin bankin nan kamar rumbu yake, ka bar su a ciki. Ka riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, yadda muke fitar da dami."

Ni na taɓa yi mata wannan kwatancen, har ina jin daɗin iya bayanina. A gidanmu ba a buɗe rumbu a kwashe. Dami ɗaya ake fitarwa, sai ya ƙare a koma.

Na tafi tare da abokina, mutumin Gidan Rumji, wanda ya san 'yan kasuwar hatsin can ta hanyar kawunsa. Da muka isa Katsina muka daidaita da wani Alhaji mai hatsi, na je na'ura na ciri ɗan abin da zan ba shi kafin alƙalami. Da na ga na'urar ba ta ba da kuɗi masu yawa a lokaci guda, sai na buga wa bankina waya in ji yadda zan yi da sauran. Matar da ta ɗauka ta yi mini bayani a natse. Duk sa katin da na yi a wajen ƙasa akwai ladan da ake cira, ko kuɗin kaɗan ne ko da yawa. Bankin mai na'urar ma yana ɗaukar nasa. In kuma na'urar ta ce za ta yi mini lissafi da sefa, kada in yarda, canjinta ya fi tsada.

Na zauna a inuwa na auna sau nawa zan sa katin kafin kuɗin hatsin su cika. Ladan ya kusa cinye buhu guda. Buhun da za a rage kuwa an san na wa ne.

Abokina ya dube ni ya ce, "To ɗan rediyo, sai ka je ka karanta wa gwaggo labaran duniya, ta dafa wa yara."

Ban iya dariya ba. Muka koma wurin Alhaji na ce a sauke buhu ɗaya. Ya tambayi dalili, na gaya masa.

Ya ce, "Malam, su kuɗin naka a ina suke kwana?"

"A Maradi, Alhaji."

"To bar su su kwana. Ƙanina yana kasuwar Maradi yana saya mini dabbobi, kullum sefa yake nema. Ka kai masa can, a canjin yau."

Na ce, "Kayan fa?"

"Mota za ta tashi da la'asar. Wannan da kawunsa mun daɗe tare." Ya nuna abokina.

Abokina ya ce, "Ka ji ko? Ni ne jinginar. In ka gudu, a buhu za a sa ni."

Haka aka loda hatsin duka, har da na gwaggo, ba a riƙe mana komai ba. A hanya kowa ya yi gyangyaɗi ban da ni. Tunanina guda ne: in katin ya ƙi aiki a Maradi, da wane ido zan dubi mutumin da ya ba ni amana? Washegari da safe na shiga bankina na karɓi kuɗin a dunƙule, ba a cire mini ko dala ba. Da na danƙa wa ƙanin Alhaji, ya buga wa yayansa waya ya ce sun iso. A nan na ji yunwa ta kama ni, na tuna tun jiya ban ci komai ba.

Ranar da amalanken jaki ya tafi Sae Sabuwa da buhun gwaggo, mahaifiyata ta tambaye ni ko na ɗiba kaɗan-kaɗan yadda ta ce. Na ba ta labarin ladan. Tana tankaɗe ta ce, "Rumbun da sai ka biya kafin ka buɗe, ai ba naka ba ne. Ajiya aka ba ka."

Tun daga lokacin, kafin in ƙetare iyaka sai na tambayi bankina abin da yake cira. In dole ta sa na yi amfani da kati, nakan ciri abin da nake bukata a lokaci guda, da kuɗin ƙasar da nake ciki. Na sha yin wannan bayani a rediyo, da kalmomin da na zaɓa da kyau. Har yau ban samu wanda ya kai na mahaifiyata gajarta ba.