Asid Ɗin da Vern Yake Aunawa Sau Uku

Duk direban tankar da ya taɓa kai asid masana'antar gam da ke bayan garin Burnie ya san Vern Tapscott, kuma ya zage shi a ransa. Ni Raelene, na zage shi a fili ma.

Asid ɗin da muke ɗaukowa mai warin tsami ne, yana shiga hanci har ido ya kawo ruwa. Ba a sauke shi sai Vern ya gwada. In tsantsa ne, zai daskare a digiri sha shida da 'yan ɗigo. In ruwa ya shiga, sai ya yi ƙasa da haka, a mayar da kai da kayanka. Aikin Vern ke nan a wani ɗaki can ƙarshen fili, inda ma'aikata ba sa leƙawa saboda wari.

Zai ɗebi kaɗan a kwalbar gwaji, ya tsoma a bokitin ƙanƙara, yana motsawa da siririyar wayar ƙarfe. Direba kuma sai ya zauna ya riƙa karanta masa ma'aunin zafi, wai shi ba ya ɗauke ido daga kwalbar. Lamba ta yi ta sauka, can sai asid ya fara fari kamar an zuba gishiri, lambar ta ɗan haura ta tsaya cak. Wannan tsayawar ake nema.

"Nawa, Raelene?"

"Sha shida da rabi. Sa hannu in tafi, tsoho."

"Hannuna ya ɗan yi rawa. Bari a sake. Ga shayi can, ki zuba."

"Kai kullum hannunka rawa yake. Ka je asibiti mana."

"Su ma layi za su sa ni. Yaya ƙafar mamanki?"

Haka zai narkar ya sake, ya kuma sakewa, lamba ɗaya ke fitowa. A tsakani ne na ji tarihinsa, guntu-guntu. A gonar shanu aka haife shi wajen Smithton. A kamfanin madara ya koyi aikin, yana daskarar da madara don kama manoman da ke ƙara mata ruwa, har da kawunsa, wanda bai sake yi masa magana ba har ya mutu. Matarsa Noeleen ta rasu da daɗewa. Ɗansu yana haƙar ma'adinai a yammacin ƙasa, yana bugo waya lokacin Kirsimeti. Gidansa yana kan tudu, maƙwabtan da ya sani duk sun sayar sun koma kusa da jikoki.

Wata rana na kai ƙararsa wurin manaja, don gwajinsa sau uku ya sa na rasa lodi na biyu.

"Sau uku?" in ji manajan. "Ai sau ɗaya doka ta ce. Shi ma zai iya karanta ma'aunin da kansa."

A nan na gane. Ashe mu direbobi ne kaɗai mutanen da Vern ke magana da su, kuma da kwalbar nan yake riƙe mu. Na ce wa manajan ya manta da zancen, ni ce na tashi da baƙin rai. Ya ce ba komai, ai dama sun yi odar na'urar gwaji.

Da na dawo bayan hutuna, na'urar ta iso. Ɗigo kaɗan take sha, kafin ka kwance bel ɗin kujera ta ba da amsa. An kuma kafa allo a ƙofa: direbobi su zauna cikin mota. Sauran direbobi baki har kunne don murna.

Vern ya fito da kansa cikin yayyafi, ya hau matakalar motata ya miƙo takardar.

"Ya yi kyau," ya ce.

"Ni ban yarda da injin nan ba, tsoho. Mu je ka gwada da hannu."

Ya yi 'yar dariya. "Sun kwashe kwalaben. Har kujerar sun ɗauke, wai ta tare hanya."

Bai sauka ba. Ya riƙe madubin motar da hannu ɗaya, ruwa na bin wuyan rigarsa, ya tambaye ni hanya, ko an gama gyaran gada, ko ƙungiyarmu za ta taɓuka a ƙwallo bana. Ina cikin ba shi amsa sai direban da ke bayana ya danna hon, ya sake dannawa. Tausayinsa ya kama ni.

"Je ki, kar su cinye ki," in ji Vern, ya sauka.

Na ja gaba zuwa wurin sauke kaya. Na hango shi ya nufi tankar baya, ya ɗaga hannu yana gaisuwa tun daga nesa. Direban ya sauke gilashi daidai yadda takarda za ta shiga, ya karɓa, ya ɗaga abinsa.