Gambar Gonar Inna

Ranar wata Juma'a, a farkon daminar shekarar da na shiga aji huɗu, motar Gusau ta tsaya a bakin ƙauyenmu da ke bayan Rawayya ta sauke Kawu Sani, autan kakata. Shekaru ya yi a wata ƙasa wai ita Romaniya, inda gwamnati ta tura shi karatun aikin gona. Mu yara mun gama tsara cewa fari tas zai sauko, sai ga shi da baƙinsa yadda ya tafi, ya ma ƙara ramewa, rungume da ƙatuwar rigar sanyi cikin wannan zufa. Ni da na cika wa 'yan ajinmu baki da kawuna na Turai, ranar na ji kunya. Kakata kuwa, wadda kowa ke kira Inna, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Ashe can ma ba a ƙoshi.”

A hannun Inna na tashi tun daga yaye, kuma da 'yar gonar da kakana ya bar mata muke ci. Gonar Malam Haruna, ƙanen kakana, ta kewaye ta kusan ta ko'ina, ba abin da ya raba su sai layin gamba da marigayin ya dasa da hannunsa. Haka kowa ke shaida iyakarsa a wajenmu. Ina dawowa daga makaranta zan aje allo in ɗauki ƙwaryar fura in bi Inna can, in tsinki yakuwa, in kori tsuntsaye, in ɓuya bayan gamba ina carafke har ta gano ni ta ce kishiyarta ta zo ƙarar mata da gero. Da kaka mu yanke gambar a saƙa zana, saiwar kuma ta kwanta ta jira ruwa.

Bayan la'asar, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, Kawu kan ba mu labarin Teleorman, lardin manoma da aka kai su koyon aiki. Ya ce ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, baƙa wuluk, sai ka wuni kana tafiya ba ka ga ko ƙanen dutsen Kwatarkwashi ba. Daga kudu kogin Danube ya yi mata iyaka, ƙetarensa wata ƙasa ce daban, kuma gulbin Bunguɗu a gabansa kwata ce. A da wai dajin Allah ne, aka sare aka mai da shi gonakin alkama da masara da wani fure mai bin rana da ake matse mai daga 'ya'yansa. Mutanen na hawa amalanken doki, suna cin tuwon masara da cuku. Kakanninsu sun daɗe suna yi wa masu manyan filaye noma kafin su sami nasu, daga baya gwamnati ta haɗe gonakin duka ta mai da su ɗaya. Ni dai tuwon ne ya ɓata min rai: a je har Turai a tarar da tuwon masara.

Da damina ta zagayo sai aka fara kawo tarakta haya. Direban ya ce shi ba zai yi ta kwana-kwana cikin ƙananan gonaki ba. Malam Haruna ya kawo shawara a tumɓuke gambar, a yi huɗa baki ɗaya, in an girbe ya auna wa Inna rabonta. Ba mugun mutum ba ne, kuma kowa ya ga sauƙin abin. Amma Inna ta daina cin abincin kirki. Ta san yau ɗan'uwa ne zai auna, gobe 'ya'yansa ne, jibi ba wanda zai tuna tsohuwa ta taɓa mallakar ƙasa a wurin. Ba ta iya yi wa ƙanen miji musu gaban maza, kuma ta riga ta fid da rai da ɗanta, don ai ɗan boko bayan inji zai bi.

Da hantsi aka taru a bakin gonar, ni ina riƙe da gefen zanen Inna. Malam Haruna ya ce, “Sani, kai da kag ga noman Turai, gaya ma uwarka gaskiya.” Kawu ya rusuna ya ce, “Baba, na ga abin da inji ka yi, shina da kyau. Amma na ga wani abu kuma.” Sai ya ba da labarin wani tsoho da suka yi aiki tare a can, wanda kan ajiye aiki ya ratsa cikin masarar da ba ta da farko ba ta da ƙarshe, ya je wani wuri ya tsaya. Rannan Kawu ya bi shi, tsohon ya buga ƙafa a ƙasa ya ce nan ce gonar ubansa. Kawu ya duba ko'ina, ba itace, ba dutse, ba ciyawa, ba abin da zai gaskata shi. “Baba, ba ni son in ga Inna tsaye hakanan,” in ji shi. Malam Haruna ya daɗe yana kallon gambar yayansa, sannan ya ce a bar ta.

Tarakta ta kewaye mu ta wuce. An gama huɗar gonar kowa cikin wuni, tamu kuwa da garma Kawu ya huɗe ta, ni ina binsa da iri ina ƙunƙuni, tafin hannunsa na ɗan makaranta duk ya yi kanta. Inna ta dawo da cin tuwonta, har da neman ƙari, ta kuma ci geron gonar nan har ƙarshen ranta.

Yanzu a Gusau nake, jikoki na kirana Inna ni ma. Rashin zaman lafiya ya tashe mu, ƙauyen ya watse, wasu Tsafe, wasu Bunguɗu. Kawu ya tsufa, ya ce ya ji a rediyo an mayar wa mutanen Romaniya gonakinsu, sai dai samarinsu sun tafi ci-rani sun bar tsofaffi. Kwanaki na tambayi wani direba mai bin hanyarmu, ya ce, “Hajiya, gamba ta cinye ko'ina, ba ki gane ta wane da ta wane.” Na yi kewar wurin. Gonar ba ta je ko'ina ba, mu ne muka tafi.